Gyaran Tsohon Gida Daga Nesa: Abin Da Ya Same Mu A Gure

Duk mai harka a kasuwannin Kano, ko Dawanau ne ko Kantin Kwari ko Singa, ya san ba a rasa mutanen Nijar da suka zo ci-rani zama ya kama su. Mu ma muna cikinsu. Asalinmu wani ƙauye ne a kudancin Gure, cikin jihar Damagaram, kuma yau sama da shekara 20 ke nan muna neman abinci a Kano, mun yi aure mun hayayyafa a nan. To amma tsohuwarmu tana can, a gidan ƙasar da kakanmu ya gina, kuma wannan gida shi ne ya ci mana kuɗi har sau biyu kafin mu gane inda matsalar take. Da yake mun san akwai 'yan kasuwa da yawa, maza da mata, da ke tara kuɗi domin irin wannan aiki a garuruwansu, muka ga ya dace mu bayyana yadda abin ya kasance.

Ga wanda bai san wurin ba, Gure tana gabas da birnin Damagaram da kimanin kilomita 160, a kan babbar hanyar da ta nufi Diffa. Daga Kano mukan bi ta Daura mu tsallaka iyaka a Kwangwalam, mu wuce Matamaye mu shiga Damagaram, sannan mu sake mota mu bi ta Mirya da Gidimuni. Tsohon gari ne, domin nan ne fadar sarakunan Muniyo, har Baturen nan na Jamus Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya yada zango a cikinsa a ƙarshen shekarar 1852. Ƙasa ce ta duwatsu da tudun rairayi, sai kwaruruka a tsakani inda ake samun dabino da goruba da rogo da kanwa. Ruwan sama kaɗan ne, shi ya sa gidan ƙasa kan daɗe a tsaye matuƙar ana kula da shi.

Lokacin da mahaifinmu ke raye, ba a taɓa cewa ana gyaran gida ba, saboda aikin na kowace shekara ne kamar sharar gona. Da bazara ta kawo jiki sai a ɗebo ƙasa a amalanken shanu, a cuɗa ta da ƙaiƙayi da kashin dabbobi, a bar ta ta jiƙa kwanaki, sannan yara da manya su taru a yi yaɓe, a hau soro a toshe tsaga, a gyara indararo. Ba a biyan kowa, sai dai a dama fura. Da muka watse, wasunmu Kano, ƙaninmu Libiya, kuma Allah Ya yi wa tsoho rasuwa a 2016, sai aikin ya rasa mai yi. Shekara uku kacal aka yi ba yaɓe, gindin katanga ya zaizaye, soron Inna ya fara yoyo.

A ranin 2019 muka yi shawara mu yi abin da a ganinmu zai raba mu da wahala gaba ɗaya. Muka haɗa kuɗi, ƙaninmu ya turo nasa daga Sabha, muka sayi siminti buhu 40 da kwano, muka ɗauki wani birkila daga cikin gari. Aka shafe katanga da ɗakuna da siminti ciki da waje, aka sauke rufin ƙasa na ɗaki biyu aka buga kwano, aka yi fenti shuɗi. Mu kuwa muna Kano ana turo mana hotuna ta WhatsApp, muna nuna wa maƙwabtanmu na kasuwa ana sa mana albarka. Gaskiya a hoto gidan ya yi kyau, ba ƙarya.

Wanda ya fara nuna shakku shi ne wani tsohon magini na ƙauyen, abokin mahaifinmu, wanda ba mu ko nemi shawararsa ba. Ya aiko a gaya mana cewa siminti da ƙasa ba sa zaman aure. Muka ɗauka ƙorafi ne na wanda ba a ba aiki ba.

Ashe gaskiya ya faɗa, kuma a nan ne muke son mai karatu ya tsaya da kyau, domin kuskure ne da ake ta maimaitawa daga Gure har ƙauyukan Kano da Katsina. Siminti ba ya kama jikin ƙasa, zama kawai yake yi a kanta kamar ɓawo. Idan rana ta buga, sannan sanyin dare ya sauka, yadda siminti ke motsawa daban yake da yadda ƙasa ke yi, sai ya tsattsage, tsaga siririya wadda ido ba ya kula da ita. Ruwan damina ya shiga ta nan, ya kwanta a baya. Da katangar yaɓen ƙasa ce, rana ɗaya ta isa ta busar da ita, amma yanzu an rufe ta, damshin ba shi da hanyar fita. Tubali ya yi ta jiƙa yana laushi a ɓoye, gara ta samu wurin zama, alhali daga waje fenti na ƙyalli. A wajenmu ma abin ya fi muni, saboda ƙasar da ke kusa da kwari tana da kanwa, kuma damshi kan jawo kanwar ta hau gindin bango ta riƙa cinye shi. Idan ka ƙwanƙwasa bango ka ji yana ƙara kamar ganga, to siminti ya riga ya rabu da ƙasa, faɗuwa ce kawai ta rage.

Shi kuwa kwano, tun watan farko Inna ta yanke masa hukunci. A watan Afrilu da Mayu zafin Gure kan haura digiri 40, ɗakin kwano marar silin kuwa tanda ne. Ta kwashe shimfiɗarta ta koma tsohuwar shigifar da ba mu taɓa ba, ɗakunan da muka kashe wa kuɗi kuma aka zuba buhunan gero da harawar awaki a ciki. Da muka yi mata magana a waya, cewa ta yi, “Ku da ke Kano ku zo ku kwana a ciki, ni dai ƙashina ya tsufa da gashi.” Ba mu da amsa.

Kafin 2022 ɓawon siminti ya fara zubowa falle-falle. Muka ce bari mu sake tara kuɗi, sai al'amura suka rikice. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai, aka rufe iyakar Najeriya da Nijar, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024, kayan gini suka yi tsada a can. A daidai wannan lokaci kuma naira ta faɗi. 'Yan canji sun san lissafin: jaka ɗaya ta sefa, wato sefa 1,000, wadda muke saye wajen naira 600 a 2019, ta haura naira 2,000 a 2024. Ma'ana ribar da za ta sayi buhu uku a da, yanzu da ƙyar ta sayi ɗaya. Tura kuɗin ba shi ne wahala ba, tunda akwai kamfanoni irin su NITA da Al Izza a manyan garuruwan Nijar, akwai kuma 'yan kasuwar da za ka ba naira a Kano ɗan'uwansu ya biya sefa a can. Wahalar ita ce abin da kuɗin zai iya saye idan ya isa.

Sai ga daminar 2024. Waɗanda ke sauraren rediyo ba za su manta ba, ambaliyar wannan shekara ta kashe sama da mutum 300 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, kuma jihohin Maradi da Damagaram na cikin waɗanda abin ya fi yi wa ɓarna. A farkon watan Satumba tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. A cikin makonnin nan ne katangarmu ta gabas, inda ruwa ke bugowa, ta kwanta cikin dare, ta tafi da bangon ɗaki guda. Allah Ya kiyaye ba kowa a ciki, sai gero da ya jiƙe. Abin da ya fi ba mu kunya shi ne tsohuwar shigifar Inna, wadda ita da jikokinta ke ɗan shafa wa ƙasa da hannu duk shekara, ko gezau ba ta yi ba.

Da muka je jaje, wata magana ta taso wadda ta fi ta bango nauyi. Yayarmu, wadda ke sayar da kanwa da dabino a kasuwar Gure, ta tara mu a zaure ta ce, “Yara, kafin a sake aza tubali ɗaya, a gaya mini gidan nan na wane ne.” Tun rasuwar tsoho ba a raba gado ba. Mu da muka kashe kuɗi a 2019 mun fara magana kamar gidan namu ne, 'yan'uwa mata kuwa suna ganin ana gina musu bango a kan haƙƙinsu, su kuma 'yan ɗakin kishiyar Inna sun yi shiru suna kallo. Mun sha ganin yadda irin wannan ke ƙarewa: mutum ya yi shekara goma yana turo kuɗi daga Legas ko Aljeriya, ranar da ya dawo a ce masa ai gidan gado ne, kyauta ya yi. Ko kuma shi ya dawo ya ce ya saye kowa da siminti. Muka kira liman da maigari, aka lissafa magada, aka rubuta cewa gidan na kowa ne bisa rabon da shari'a ta tanada, Inna za ta zauna a ciki iya rayuwarta, kuma abin da kowa ya kashe a gyara an rubuta shi da sunansa. Kowa ya sa hannu, aka ba kowane ɗaki kwafi. Ba a tashi ana dariya ba, amma an tashi ana gaisawa.

Aiki na biyu an yi shi a ranin 2025, kuma a wannan karo tsohon maginin nan muka sa a gaba, muka ba shi haƙuri. Bai ce a yar da siminti ba, cewa ya yi a sa shi inda yake da amfani. Aka haƙa harsashi aka jera dutse, wanda Allah Ya hore wa ƙasar Muniyo, aka ɗaure shi da siminti har zuwa gwiwa, yadda damshi da kanwa ba za su hau ba. Daga nan zuwa sama tubalin ƙasa ne, kuma ƙasar ba daga bakin kwari aka ɗebo ta ba, an je nesa inda ba ta da gishiri, ko da yake kuɗin amalanke ya ƙaru. Aka ɓamɓare sauran simintin da ke jikin bango aka mayar da yaɓe. Mun ɗan samu sauƙi saboda a watan Oktoba na 2024, bayan ambaliyar, gwamnatin Nijar ta rage farashin siminti, kuma buhu 12 kawai aikin ya ci.

Rufi ne ya ba mu wahala. A da da itacen goruba ake yi, yanzu kuwa ma'aikatan gandun daji ba sa barin a sare ta haka kawai, kuma muna ganin suna da gaskiya, domin ita ce ke tare rairayi daga binne kwaruruka. Akwai hanyar ginin da ba ya buƙatar itace ko kaɗan, inda ake yin rufi mai kama da tulluwa da tubali zalla, wadda aka fara koyar da magina a Nijar tun 1980 a Cikal, wajen Filinge, sai dai ba mu samu wanda ya iya ta a kusa da mu ba. A ƙarshe muka tsinto tsofaffin itatuwan da gara ba ta ci ba muka rufe ɗaki guda da ƙasa, aka shimfiɗa leda a tsakani saboda yoyo. Ɗayan ɗakin muka bar masa kwanonsa, amma aka ɗaga bangon, aka buɗe tagogi biyu masu kallon juna, aka yi masa silin da zana. Ba zai kai soro sanyi ba, amma ana iya kwana.

Kuɗin aikin kuwa a hannun yayarmu muka sa shi, ba a hannun namiji ko ɗaya ba, kuma ba mu yi nadama ba. Mace mai auna kanwa da tiya ba a yi mata wasa da lissafi. Ba ta taɓa ba magini kuɗin mako gaba ɗaya ba, sai ta ga abin da aka yi a yini ta biya. Ta sa ɗanta yana rubuta komai a littafin makaranta, har kuɗin ruwan da aka ɗebo a jarka. A aikin farko, lokacin da muke tura kuɗi ga duk wanda ya kira waya, har yau ba mu san inda buhu shida suka shiga ba.

Ita ce kuma ta kawo shawarar da muke bi yanzu. Maimakon a jira sai abu ya lalace a nemi miliyan, mun buɗe ɗan adashe a tsakaninmu, kowa na zuba abin da ya sawwaƙa duk wata, ba a taɓa shi sai a watan Mayu. Da shi ake sayen ƙasa, a biya samari biyu su yi yaɓe, a kwashe rairayin da iska ta tara a bayan katanga, a duba indararo. Kuma duk shekara mutum ɗaya daga cikinmu zai bar rumfarsa ya je ya tsaya a kan aikin na mako guda. Wannan shi ne mai wuyar, domin mako guda ba ciniki ba ƙaramin abu ba ne ga ɗan kasuwa, kuma tun yanzu an fara jayayya a kan wanda zai je baɗi.

Inna dai har yanzu tana shigifarta. Sabon soron ta ce a bar wa baƙi, ta ajiye tabarma biyu da buta a ciki.