Dabarun Kamun Kifi a Lokacin Hunturu a Yankin Dayi

Gabatarwa

An fi sanin Dayi, da ke ƙaramar hukumar Malumfashi, da noman masara da dawa da auduga. Duk da haka, da zarar an kammala girbi, wasu manoman kudancin Jihar Katsina kan koma bakin ruwa, a rafuka da madatsun ruwa irin su Mairuwa da Gwaigwaye na ƙasar Funtuwa. Wannan maƙala ta dubi yadda yanayin hunturu ke sauya halin kifi, da yadda masunci ke gina dabararsa a kan wannan sauyi.

Halin ruwa da halin kifi

Mafi yawan kogunan yankin na damina ne. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu gudun ruwa yakan tsaya, kogi ya yanke, ya bar gurabe masu zurfi a tsakanin yashi. Zafin jikin kifi kuwa yana bin na ruwan da yake ciki. Idan ruwa ya yi sanyi sai kuzarinsa ya ragu, cinsa ya ragu, ya lafe a ƙasan gurbi ko cikin saiwoyin bishiyoyin gaɓa. A Ingila, masu neman kifin nan mai gashin baki, Barbus barbus, sukan jira ruwan sama ya ɗumama kogi. A nan babu ruwan da za a jira sai hantsi, shi ya sa fitar asuba, wadda kan yi amfani a wasu lokutan, ba ta cika biyan bukata da hunturu ba.

Kayan aiki da dabaru

Tarwaɗa ce ta fi jan hankalin masunci a wannan lokaci. Tana da gashin baki guda 8 da take laluben abinci da su a cikin laka, saboda haka akan sa wa ƙugiya abu mai ƙarni, kamar tana ko hanjin kaza, a nutsar da ita har ƙasa, a bar ta ta kwana. Karfasa kan taso gefen da rana ta bugi ruwa, inda ake jefa mata birgi. A gurbi mai zurfi, masunci kan kwanta a kan gora yana tura koma a gabansa, salon da bikin Argungu ya fito da shi ga duniya tun 1934. Gaiwa kuma ba a ruwa ake samun ta ba: takan shige cikin laka ta yi wa kanta kube har damina ta dawo, sai dai a haƙo ta. Daga nan ne Bahaushe ke cewa gaiwa jikinta take ci.

Haɗarin da ke cikin sauƙin kamu

Taruwar kifi wuri ɗaya ita ce ribar masunci, ita ce kuma barazana ga sana'arsa, domin kifin da ya tsira a gurbi shi ne irin da zai hayayyafa da damina. A al'adar Hausawa, Sarkin Ruwa ne ke hana taɓa wasu gurabe har ranar da za a yi su na gayya. Zuba majimfa ko maganin ƙwari, da raga mai ƙananan idanu, da injinan ban-ruwa da ke zuƙe gurbi, duk suna kashe manya da ƙanana tare.

Kammalawa

Kalmomi irin su birgi da koma da gurbi suna ɗauke da ilimin ruwa da na halin kifi. Wajibi ne manazarta Hausa su tattara su daga bakin masunta tare da bayanin yadda ake aiki da su, tun gurabun da suka haife su ba su ƙafe ba.