Me ke jawo bakon mai masana'anta, me ke korarsa?

Da wuya wata ya wuce ba mu ji a rediyo cewa shugaban ƙasa ko wani gwamna ya tafi Sin ko Dubai "neman masu zuba jari" ba. A sa hannu a takarda, a ɗauki hoto, a dawo. Mu da muke karatun injiniya da sauran fannonin sana'a, maganar nan ta shafe mu fiye da kowa, don a irin waɗannan masana'antu muke sa ran yin SIWES, a can kuma muke fatan samun aiki bayan HND. Shi ya sa na ga ya dace mu duba yadda abin yake.

Gwamnati na neman baƙon mai masana'anta ne saboda abu uku da ba ta da isassu: kuɗin kafa injina, fasahar sarrafa su, da kasuwar waje. Shi kuwa riba ta kawo shi, ba zumunci ba. Don haka sai a yi masa tanadi.

Na farko, doka. A 1972 da 1977 gwamnatin soja ta tilasta wa kamfanonin waje sayar wa 'yan ƙasa wani kaso na hannun jarinsu. A 1995 aka juya akala: aka kafa hukumar NIPC, aka yarda baƙo ya mallaki kamfaninsa ɗari bisa ɗari, ban da 'yan fannoni irin su ƙera makamai, kuma ya fitar da ribarsa waje. Na biyu, sassaucin haraji. A da, dokar 1971 takan ba sabuwar masana'antar da ta cancanta hutun harajin riba na shekara uku, ana iya ƙarawa ya kai biyar. Na uku, keɓaɓɓun yankunan masana'antu a ƙarƙashin hukumar NEPZA da aka kafa a 1992, irin na Kalaba da na Fanisau a Kano, inda ake shigo da injina da kayan aiki ba kuɗin kwastan.

To, da duk wannan gata, me ya sa Michelin ta rufe masana'antar tayarta a 2007, Dunlop ma ta bi bayanta? Me ya sa a 2023 Procter & Gamble ta ce ta daina sarrafa kaya a Nijeriya, sai dai ta riƙa shigo da su?

Amsar ba wuya. Hutun haraji sai da riba yake da amfani. Wanda ke ƙona dizal dare da rana don ba wuta, kayansa na kwana makonni a tashar jirgin ruwa ta Apapa, ga dalar sayo kayan gyara ta gagara, wace ribar za a yafe masa haraji a kai? Ga kuma sauyin manufa: yau a hana shigo da kaya don a kare shi, gobe a buɗe iyaka. Mai kafa masana'anta lissafin shekara 20 yake yi, ba na zangon mulki ɗaya ba.

Akwai kuma abin da ya fi damuna, wanda ba a cika faɗa ba. Ko baƙon ya zo ya zauna, me yake bar mana? Ku dubi Peugeot ta Kakuri a Kaduna, da ta fara harhaɗa motoci a 1975. A zamanin ne aka kafa Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano. Iyayenmu har yau suna yabon 504. Amma yawancin muhimman sassan motar daga Faransa ake kawo su, a nan a ɗaura. An yi shirin ƙarfen Ajaokuta zai ciyar da irin waɗannan kamfanoni, har yau bai kammalu ba. Da darajar naira ta faɗi bayan 1986, sassan suka yi tsada, motocin tokumbo suka cika kasuwa, sai masana'antun suka riƙa durƙushewa ɗaya bayan ɗaya. Ɗaura kusa daban, ƙera ta daban.

Mu kwatanta da Maroko. Kafin Renault ta buɗe masana'antarta kusa da Tanja a 2012, sai da gwamnati ta gina babbar tashar jirgin ruwa, ta kai layin dogo har masana'antar, ta kuma ba da kuɗin cibiyar horar da ma'aikata. Kamfanonin da ke yin kujeru, wayoyin lantarki da sauran sassa suka biyo baya. A 2019 Peugeot ɗin nan da muka sani ta buɗe tata a Kenitra. Yanzu fiye da rabin sassan motocin a cikin ƙasar ake yin su. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka, 'yan uwa, in an ce an samo jarin biliyan kaza, kada mu tsaya a tafi. Mu tambaya: takarda ce kawai ko an fara gini? Daga ina wutar za ta zo? Kashi nawa na kayan za a saya a hannun masu walda, masu narkar da ƙarfe da manomanmu? Masu fasaha 'yan ƙasa nawa za a horar, kuma a wane matsayi, na mai gyaran inji ko na mai ɗaukar kwali?

Mu ma da namu. Baƙon nan yana duba ko akwai hannun da zai iya riƙe masa inji kafin ya sauke jakarsa. In injinan ɗakin aikinmu sun girmi malamanmu, haƙƙin ƙungiyar ɗalibai ne ta yi magana, ta kuma matsa wa hukumar makaranta ta ƙulla alaƙa da masana'antun da ke kusa da mu. Wanda kuma ya ɗauki SIWES hutu, ya je a buga masa hatimi kawai a littafi, to ya sani kansa ya cuta, wallahi.