Ganɗoki: Jarumi ko Ɗan Tawaye?

Littafin Ganɗoki, wanda Malam Bello Kagara ya rubuta don gasar Hukumar Fassara ta Zariya a 1933, ya haɗa siffofi biyu a jikin mutum guda. A wurin Hausawa, Ganɗoki barde ne da ya ƙi miƙa wuya bayan Turawa sun ci Kwantagora a 1901. A wurin Turawa kuwa, waɗanda littafin zai bi ta hannunsu, ɗan tawaye ne. Marubucin ya warware ƙullin da ya kai shi ƙasashen aljannu, inda takobi ke da sauran amfani, sannan ya komo da shi ƙasa ta lafa. Da haka jaruntakarsa ta tsira, tawayensa kuwa ya zama labarin ba yara.