Wanda Ya Doke Tsohon Zakara, Wa Ya Doke?

A daren 2 ga Oktoba, 1980, a birnin Las Vegas na Amurka, Muhammad Ali ya jingina da igiyar dandali, ya kare fuska da hannu biyu, Larry Holmes yana ta kirɓarsa. Da farko hankalin 'yan kallo bai tashi ba. Sun tuna Kinshasa, inda shekara shida kafin nan Ali ya kwanta a jikin igiya kamar haka, ya bar George Foreman ya ƙarar da ƙarfinsa, sannan ya kai shi ƙasa a turmi na takwas. Sai suka yi ta jiran lokacin da zai zabura. Turmi na biyar ya wuce, na bakwai ya wuce, Ali bai rama ba. Da aka tashi daga turmi na goma, mai horar da shi Angelo Dundee ya ce wasa ya ƙare. Bundini Brown, ɗan kirarin Ali na shekara da shekaru, ya riƙe rigar Dundee yana roƙon a ƙara turmi ɗaya, Dundee ya ƙi. A cikin alƙalai uku babu wanda ya ba Ali ko turmi guda. A duk wasanninsa na ƙwararru wannan ne kawai karon da aka tsayar da dambe a kansa.

Holmes ya yi nasara, amma da hawaye ya yi magana da 'yan jarida. Ya san mutumin da ya doka. Shekaru ya yi yana abokin atisayen Ali, yana karɓar albashi a hannunsa, yana koyon sana'a a sansaninsa.

Tun daga wannan dare masoya damben boksin ke gardama a kan tambaya ɗaya, kuma duk lokacin da matashi ya buge wani tsohon gwani sai ta sake tasowa: wane irin yabo ya kamata a ba shi? Wasu su ce nasara nasara ce, littafin tarihi bai rubuta cewa wane ya tsufa ba. Wasu su ce ai gawa ya doka. A ganina duka ɓangarorin biyu suna kallon suna ne da adadin shekaru, alhali abin da ya kamata a auna shi ne abin da ya rage a jikin tsohon a wannan daren.

Shekaru suna cin ɗan dambe, amma ba duka jikinsa suke ci lokaci ɗaya ba. Tsokar ɗan Adam tana da zare iri biyu: masu saurin tsukewa, waɗanda ke fitar da naushi kamar walƙiya, da masu juriya, waɗanda ke ɗaukar aiki mai tsawo. Masu saurin su ne ke fara raguwa idan girma ya zo. Haka kuma ɗan lokacin da ke tsakanin ido ya hango naushi da kai ya kauce masa yana ƙaruwa. Ƙarin bai kai ƙiftawar ido ba, amma a dambe shi ne bambancin naushin da ya shafi kunne ya wuce da wanda ya sauka a haɓa. Tsofaffin 'yan dambe sukan faɗi abu ɗaya: suna ganin ƙofa a buɗe, sun san abin da ya kamata su yi, amma kafin hannu ya amsa kira an rufe ta. Ƙafa ma tana nauyi, rauni kuma yana daɗewa bai warke ba, don haka ba a iya yin atisaye mai tsanani irin na da.

Nauyin hannu shi ne ke daɗewa. Shi ya sa tsohon ɗan dambe ba abin rainawa ba ne. A watan Nuwamba na 1994, George Foreman yana da shekara 45 ya kara da Michael Moorer mai shekara 26, wanda ke riƙe da kambun duniya na ajin masu nauyi. Turmi tara Moorer yana gaba a takardun alƙalai, fuskar Foreman ta kumbura. A turmi na goma hannun dama ɗaya ya sauka a haɓar Moorer, ya kwanta bai tashi ba sai da aka gama ƙirga. Da Moorer ne ya ci wannan wasa, da an ce tsoho ya doka, babu wanda zai yaba masa. Ga shi kuwa tsohon ne ya raba shi da kambu.

Akwai kuma abin da ya fi shekaru muhimmanci, wato dukan da kai ya sha. Tun 1928 wani likita Ba'amurke, Harrison Martland, ya bayyana ciwon da ke kama 'yan damben da suka daɗe suna shan naushi a ka: tafiya ta zama tangaɗi, harshe ya yi nauyi, hannu ya riƙa rawa. Dukan ba na ranar wasa kaɗai ba ne, har da na dubban turame na atisaye da babu wanda ya kalla. Mai sayen tsohuwar mota ba shekarar da aka ƙera ta kawai yake tambaya ba, yana tambayar hanyoyin da ta bi da kayan da ta ɗauka. Ali mai shekara 38 ya riga ya bi ta hannun Ken Norton da ya karya masa muƙamuƙi a 1973, ya yi turmi 14 na azaba da Joe Frazier a Manila a 1975, ya sha naushin Earnie Shavers turmi 15 a 1977. Bayan wasan Shavers ne likitansa Ferdie Pacheco ya bar sansanin, saboda ya ba da shawarar a daina ba a ji ba. Kafin karawa da Holmes, Ali ya yi shekara biyu bai hau dandali ba. Gwajin da aka yi masa a asibitin Mayo ya nuna 'yar tangarɗa a magana da sarrafa gaɓoɓi, amma hukumar jihar Nevada ta ba shi lasisi. Ga kuma maganin maƙoƙo da aka riƙa ba shi lokacin atisaye, wanda ya zabge masa ƙiba ya bar shi ba ƙarfi. Shekara huɗu bayan nan aka tabbatar yana da cutar Parkinson.

To wannan nasara me ta nuna game da Holmes? Ba ta nuna komai ba. Ko ɗan damben da bai kai rabin Holmes ba zai iya doke Ali na wannan dare, kuma Trevor Berbick ya tabbatar da haka a Bahamas a watan Disamba na 1981. Wanda ke son sanin ko wane ne Holmes ya je ya kalli turmi 15 da ya yi da Norton a 1978 ya karɓi kambu, ko yadda Shavers ya shimfiɗe shi a turmi na bakwai a 1979 ya miƙe ya ci wasan a na goma sha ɗaya. Ya kare kambunsa sau 20. Abin takaicin shi ne mutane da yawa sun riƙe shi a zuciya saboda daren Ali, suka hana shi yabon da ya cancanta a sauran dararen. Ba a kyauta masa ba. Ba shi ya ba Ali lasisi ba, kuma zakara ba ya gudun wanda ya ƙalubalance shi.

Abin mamaki, Holmes ɗin nan shi ne hujja mafi ƙarfi a ɗaya ɓangaren. A watan Janairu na 1988, shi ma yana da shekara 38, bayan kusan shekara biyu a gida, ya dawo ya kara da Mike Tyson mai shekara 21. Tyson ya kai shi ƙasa sau uku a turmi na huɗu aka tsayar da wasa. Nan da nan aka ce ai tsoho ne. Sai dai shekara huɗu bayan haka, Holmes yana da shekara 42 ya koya wa Ray Mercer darasi, mutumin da har lokacin ba a taɓa doke shi ba, sannan ya yi turmi 12 cur da zakaran duniya Evander Holyfield. Ya ci gaba da dambe har ya haura shekara 50, kuma a wasannin ƙwararru ban da Tyson babu wanda ya taɓa gamawa da shi kafin ƙararrawar ƙarshe. Shekaru iri ɗaya ne da na Ali, 38, amma jiki biyu ne daban. Nasarar Tyson a kan Holmes tana da nauyi, ko da an rage mata wani abu saboda dogon hutun da Holmes ya yi.

Ma'aunin da na fi yarda da shi ke nan: a duba abin da tsohon ya yi dab da wasan, da abin da ya yi bayansa, sannan a kalli wasan kansa da ido. Adadin shekaru shi kaɗai yana ruɗin mutum. Lokacin da Lennox Lewis ya kwantar da Tyson a turmi na takwas a birnin Memphis a 2002, kowa ya ce Tyson ya ƙare, kuma gaskiya ne. Amma Lewis ne babba, ya girmi Tyson da kusan wata goma. Tyson gajere ne a ajinsa, dambensa ya dogara ga sauri da sunkuyawa da kutsawa cikin jikin abokin karawa, irin salon da ke mutuwa da wuri, ga zaman kurkuku na shekara uku. Lewis dogo ne mai dogon hannu, yana tsayawa daga nesa yana aunawa, shi kuwa wannan salo yana jure girma.

Da wannan ma'auni Anthony Joshua, wanda iyayensa 'yan asalin Najeriya ne, ya cancanci cikakken yabo a kan abin da ya yi a filin Wembley na Landan a watan Afrilu na 2017. Wladimir Klitschko yana da shekara 41, kuma ya yi wata 17 bai yi wasa ba. Amma wanda ya kalli wasan ya ga mutum mai ƙafa da ido. Joshua ya kai shi ƙasa a turmi na biyar, ya tashi ya rama kafin turmin ya ƙare, a na shida kuma shi ya kwantar da Joshua da hannun dama. Joshua ya yi turame yana neman numfashi kafin ya farfaɗo ya gama da shi a na goma sha ɗaya. Wanda ya kusa hallaka ka, ba za a ce ka doki inuwa ba.

Haka batun Rocky Marciano, wanda aka daɗe ana yi wa gori cewa da tsofaffi ya yi suna. Gorin ya haɗa abubuwa daban wuri ɗaya. Jersey Joe Walcott yana da shekara 38 a 1952, amma shi ne zakaran duniya mai ci, ya kai Marciano ƙasa a turmin farko, kuma yana gaba a maki har zuwa turmi na 13 da naushi ɗaya ya raba gardama. Archie Moore ma ya kai Marciano ƙasa a 1955, ya kuma ci gaba da riƙe kambun ajin da ke ƙasa da na masu nauyi shekaru bayan haka. Waɗannan nasarori ne na gaske. Joe Louis na 1951 shi ne wani abu daban. Mutumin da ya kare kambu sau 25 ya riga ya yi ritaya, bashin haraji na gwamnatin Amurka ne ya dawo da shi. Ya ci wasa takwas a jere kafin ya haɗu da Marciano, don haka ba fanko ba ne, amma hannun daman da duniya ta sani ya riga ya yi sanyi. Marciano ya fitar da shi ta tsakanin igiya a turmi na takwas, Louis bai sake dambe ba.

Labarin Louis ya kai mu ga abin da gardamar yabo ke ɓoyewa. Me ya sa ake haɗa irin waɗannan wasanni tun farko? Saboda suna yana sayar da tikiti ko bayan jiki ya tafi. Mai shirya wasa yana da matashi mai tasowa wanda jama'a ba su sani ba, ga kuma tsoho mai suna da ke bukatar kuɗi ko ya kasa haƙura da tafin 'yan kallo. Sai a haɗa su, a kwashe sunan tsohon a liƙa wa yaron. Matashin kansa yana cikin tarko: in ya ci a ce tsoho ne, in ya faɗi a ce tsoho ma ya doke shi. Wanda ya biya farashi na gaske shi ne mai furfurar, da ƙwaƙwalwarsa, kuma iyalinsa ne za su zauna da shi shekara ashirin ko talatin bayan an kashe fitilu. Idan da mai laifi a nan, to masu shirya wasan ne, da hukumomin da ke buga hatimi, da mu 'yan kallo da ke biya.

Ba a daina ba. A watan Nuwamba na 2024, a jihar Texas, Tyson yana da shekara 58 ya hau dandali da Jake Paul mai shekara 27, wanda ya yi suna a YouTube kafin ya shiga dambe, Netflix kuma ta nuna wa duniya kai tsaye. Rabon Tyson da wasan ƙwararru tun 2005. An ma ɗage wasan daga watan Yuli saboda gyambon ciki da ya tasar masa a jirgin sama. Aka rage turame zuwa takwas na minti bibbiyu, aka ƙara wa safar hannu kauri, shi kuma ya fito da ɗauri a gwiwa. Bayan turmi biyu ƙafarsa ta tsaya. Paul ya ci da maki, daga baya ya ce da gangan ya sassauta don kada ya ji masa ciwo. Duk da haka hukumar Texas ta amince da shi a matsayin cikakken wasan ƙwararru, kuma yau a kundin dambe an rubuta cewa Jake Paul ya doke Mike Tyson, a shafi ɗaya da sunan Holyfield da na Lewis.