Akori-kura a hanyar Barwa: a gyara ƙarama ko a sayi babba?

A watan Yuni na shekarar 2021 ne mutanen Barwa, kimanin dubu shida, suka koma garinsu bayan hijirar da rikicin Boko Haram ya tilasta masu tun 2015. Wanda ya san wannan yanki na karkarar Boso ya san cewa komawar mutane ba ta wadatarwa sai mota ta bi bayansu. Hatsi da taki da siminti a zuwa, kifi banda na bakin tafkin Cadi da tattasan gonakin Komadugu a dawowa, duk a bayan akori-kura suke tafiya. Da an sauka daga kwaltar da ta taso daga Yamai ta ratsa Difa zuwa Ngigmi, sauran tafiyar yashi ne da rani, laka da damina.

Saboda haka tambayar da ake yawan yi a tasha da garejin Difa ba ta sha'awa ba ce, ta jari ce. Mutum yana da Hilux wadda ta fara gajiya: tana jinkirin tashi, tana zaunawa da gindi in an yi mata lodi, tana kafewa a inda da can take wucewa. Shin ya zuba mata kuɗi a gyara, ko ya sayar ya cika ya ɗauki Land Cruiser? Ɗan kasuwa na yin wannan lissafi, haka ma ma'aikacin da ya sayi tsohuwar motar aiki a gwanjo yana fatan ta riƙe shi bayan ritaya.

A Amurka ma ana wannan gardama, tsakanin masu Tacoma da masu manyan motoci irin Tundra ko Ford F-150. Sai dai gyaran da suke nufi shi ne a taɓa kwamfutar mota don ta amsa totur da sauri, ta kuma canza giya ba tare da fizga ba. Jin daɗin tuƙi suke nema. A bakin Komadugu kuwa ana neman motar da za ta kai kasuwa ta dawo kafin duhu.

Mu fara da abin da gyara ke iyawa, domin yana da yawa, kuma ba shi da tsada. Iskar taya ita ce ta farko. Direban da ya rage ta zuwa wajen kilo ɗaya da rabi kafin ya shiga yashi ya ba tayarsa faɗin tafi kamar na raƙumi, motar ta hau bisa yashin maimakon ta haƙa shi. Sharaɗin shi ne ya mayar da iskar da zarar ya taka kwalta, in ba haka ba tayar ta yi zafi ta fashe. Ƙaramin famfon iska mai aiki da batir ya fi wata sabuwar mota amfani a nan. Sai matatar iska, wadda ƙurar hunturu ke toshewa cikin ƴan makonni. Motoci da yawa da ake zargi da tsufa numfashi ne kawai ya yi masu wuya. Sai lagireto, da kuloci, da shakazoba, da injekta. Bakanike mai amana zai bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya, motar ta dawo da kuzarinta a kan kuɗin da bai kai na duwan ɗin wata motar ba.

Inda ake shiga kuskure shi ne wajen sifirin baya, wanda wasu ke kira lam. An saba ƙara ganye biyu ko uku don motar ta daina zaunawa, kuma lalle takan miƙe. To amma miƙewar ido ce. Hilux an ƙera ta ne ta ɗauki wajen tan ɗaya, wato buhu 20 na taki mai kilo 50, da direba da yaron mota a cikin lissafin. Ƙarin ganye bai ƙara wa shasi kauri ba, bai faɗaɗa birki ba, bai canza ƙarfen da ke juya ƙafafun baya ba. Abin da ya yi shi ne ya ɓoye alamar da motar ke nuna wa maigidanta cewa kaya sun yi yawa. Nauyin sai ya nemi wata mafita, yawanci ta tsagewar shasi a bayan kan mota. Wannan shi ne gyaran gangar Abzinawa.

Haka batun taɓa kwamfuta. Tun wajen 2005 Hilux mai gazuwal ta koma injin da na'ura ke auna masa mai da matsi mai tsanani, kuma ana iya buɗe masa wuta ya ƙara ƙarfi. Ƙarin ƙarfi kuwa ƙarin zafi ne, a ƙasar da watan Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, ga yashi na riƙe ƙafa, ga lodi. Irin wannan inji ba ya yafe gurɓataccen mai. Ruwa kaɗan a cikin jarka ya isa ya kashe injekta huɗu. Wanda ke shan mai a bakin hanya gara ya sa matatar mai ta biyu mai raba ruwa, ya bar kwamfutar yadda maƙera suka saita ta.

To, ita babbar fa? Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya ta samo asali daga jerin da Toyota ta fitar a 1984, kuma darajarta a wannan yanki ta kafu tun yaƙin 1987, lokacin da sojojin Cadi suka fatattaki tankokin Libiya da motocin Toyota. Injinta 1HZ mai silinda shida da lita 4,2, wanda ya fito a 1990, ba shi da kwamfuta, ba shi da gaggawa, kuma kusan kowane gareji daga Damagaram zuwa Ngigmi ya san cikinsa. Sai dai ga abin da masu saye ba su cika dubawa ba: a takarda, kayan da aka yarda ta ɗauka bai fi na Hilux da wani abin kirki ba, akwatin bayanta kuma tsawonsu kusan ɗaya da na Hilux mai ƙofa biyu. Abin da mutum ke saye da ƙarin miliyoyinsa juriya ce: shasi mai kauri, ƙafafun gaba a kan gatari guda, ƙarfe mai jure dukan hanya shekara da shekaru.

Wannan bambanci yana da muhimmanci ga mai tattasai. Busasshen tattasai ba nauyi gare shi ba, cika wuri ne. Yakan cika akwati ya haura kan mota tun nauyinsa bai kai ko'ina ba. Haɗarinsa tsawo ne, wanda ke kifar da mota a gangaren tudu, kuma Land Cruiser ba ta fi ƙanwarta tsira daga wannan ba. Mai irin wannan kaya in ya sayi babba, ya sayi ƙarfin da ba zai yi amfani da shi ba. A ganina, akori-kurarsa ta tattaro buhuna daga gonaki zuwa kwalta, doguwar tafiya kuma ya biya babbar motar kaya kuɗin buhu.

Ga kuma mai. A watan Yuli na 2024 gwamnati ta mayar da litar gazuwal sefa 618, fetur kuma 499. In muka ƙaddara babbar ta fi ƙaramar shan lita huɗu a kowane kilomita 100, zuwa Damagaram da dawowa, wajen kilomita 940, ƙarin ya haura jika 23 a tafiya guda. Arhar fetur ɗin Najeriya ta kau tun da aka janye tallafi a can a watan Mayu na 2023. Rufe iyakar Benin a wannan shekarar ya kuma tsawaita hanyar motoci da kayan gyaran da aka saba saukewa a Kwatano.

Akwai lissafin da ba a yi da alƙalami. Dokar ta-ɓaci ta Fabrairun 2015 ta hana babur, ta dakatar da cinikin kifi da tattasai na wasu shekaru, masu motoci da dama suka ga jarinsu a ajiye yana cin rana. A watan Agusta na 2021, wata biyu da komawar mutanen Barwa, hari ya kashe sojoji 16 a garin. Land Cruiser kuwa ita ce motar da masu ɗauke da bindiga suka fi kwaɗayi a duk faɗin Sahel. Tsohuwar Hilux mai ɓallin fenti ba ta jan ido haka, kuma in an yi asararta ba a yi asarar gida duka ba.

Wanda babbar ta dace da shi sananne ne: mai jigilar siminti, hatsi da fasinja kullum a hanyar Tumur da Boso, wanda ya riga ya kai shasinsa wajen mai walda sau biyu, wanda kuma ambaliya irin ta 2022 da 2024 ba ta hana shi fita. Shi kam gyara ya ƙare masa. Kafin ya biya, ya shiga ƙarƙashin motar da fitila ya duba shasin da kansa, domin yawancin waɗanda ke zuwa gwanjo sun riga sun yi shekarunsu a hanyar Agadem ko ta Bilma.