Zauren Mai Rubutu: Kowane Alƙalami da Kurtunsa

(Sautin wuƙa tana fiƙe alƙalami, daga nesa almajirai na karatu)

Yau shirin namu ba nisa zai yi ba. Zaure za mu leƙa, irin wanda alaramma mai rubuta Alƙur'ani da hannu ke zama a ciki, a tsohon birnin Kano, ko Haɗeja, ko Maiduguri, ko Damagaram. Ku cire takalma a bakin ƙofa, ku kuma yi hattara da ƙafafunku, don akwai tawada a ƙasa.

Wurin bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. A nan ake gaisawa da baƙi, a nan ake biya wa yara allo, wani lokaci ma a nan babur yake kwana. Amma daga wannan ɗan lungu ne ake fitar da izu 60, surori 114, cikin launi huɗu, ba tare da ɗigon tawada ya faɗa inda ba a aike shi ba. Yaya ake yi?

Mu fara da inda malam yake zaune. Ba tebur, ba kujera. Buzu ne a kan tabarma, kusa da ƙofa, inda hasken hantsi ke shigowa. Ya tanƙwashe ƙafa, ya kafa gwiwa ɗaya, ya ɗora takarda a kanta bisa wani kwali mai kauri. Gwiwar nan ita ce teburinsa, kuma daga ita ake auna komai. Abin da hannu ke nema kowane minti yana nan inda hannu zai kai ba sai an miƙe ba. Abin da ake nema sau ɗaya a rana yana jikin bango. Abin da sai wata-wata, yana cikin adaka.

Doka ta farko a zauren nan, ko da ba wanda ya taɓa rubuta ta, ita ce mai ruwa da busasshe ba sa zama gefe guda. Kurtun tawada yana ƙasa ta hannun dama, takarda tana hagu kuma a sama. Kurtu ɗan ƙaramin duma ne, gindinsa ba ya zama daram, shi ya sa za ku ga an kafa shi cikin ƙoƙo ko gwangwani mai yashi, ko an yi masa ɗan gammo na tsumma. Idan yaro ya yi tuntuɓe da shi, yashi ne zai sha, ba aikin wata guda ba.

Tawadar ma ba iri ɗaya ba ce, kuma a nan ne baƙo yake ruɗewa. Akwai ta zuge, wadda ake yi da gawayin itace irin su aduwa, a dafa da ƙaro. Wannan ta allo ce, ruwa na taɓa ta take wankewa, kuma dama abin da ake so ke nan, tunda gobe za a yi sabon rubutu. Akwai kuma yambari, wadda ake jiƙa 'ya'yan bagaruwa da kashin maƙera a samu. Ita wannan kama takarda take yi, ta zauna shekaru aru-aru. To ku duba, duka biyun baƙaƙe ne a ido. In aka ajiye su kafaɗa da kafaɗa, wata rana sai hannu ya yi kuskure. Saboda haka ta allo tana can wajen yara, kusa da inda ake jingine alluna, yambari kuwa tana gefen malam, ba mai taɓa ta.

"Allah ya gafarta Malam, in ɗauko tawada?"

"Ɗauki ta wajen alluna. Kada ka kusanci wannan."

Duk wanda ya yi zaman tsangaya ya san irin wannan amsa.

(Sautin alƙalami a kan takarda)

Sai alƙaluma. Daga karan gamba ake fiƙe su, kuma kowanne da aikinsa. Mai faɗin baki na baƙi ne, wato gangar jikin haruffa. Ga ɗan abin lura: har yau a ajin Hausa na boko muna cewa baƙi da wasali, kuma ai baƙin nan launin tawadar malam ne ya bi harafin har ya zama sunansa. Siririn alƙalami na wasali ne, da jar tawada. A rubutun riwayar Warshu, wadda ita ce ta tsangayunmu, ana ɗiga rawaya a gurbin hamza, a ɗiga kore a kan alifin da ake sadarwa. Launi huɗu, mazubi huɗu, alƙaluma aƙalla huɗu. Alƙalamin da ya sha baƙi in ya shiga ja sau ɗaya, jan ya tashi daga aiki, ya koma ruwan kwata. Wasu malaman sukan ɗaura zare mai launi a wutsiyar kowane alƙalami, wasu kuwa ba ruwansu da zare, bakin alƙalamin ya riga ya rine, ya isa shaida.

Ni a ganina, babbar dabarar ba a yawan mazubi take ba, a jerin aikin take. Malam ba ya buɗe launi huɗu a lokaci guda. Yakan zauna ya yi baƙi zalla, shafi bayan shafi. In ya bushe, a rufe yambari, a buɗe ja, a bi da wasali. Rawaya da kore su zo daga baya. Zayyana kuwa, wato adon da ake yi wa alamomin sumuni da rubu'i da nusufi da izu, ita ce ta ƙarshe, kuma kayanta, su komfas da abin jan layi da garin launi a ƙananan kwalabe, suna ƙulle a wani gwangwani daban har ranarsu ta zo. Ku tuna sumuni kaɗai 480 ne a cikin Alƙur'ani. Wanda ya ce sai ya yi wa kowanne ado a lokacin da ya iso shi, to zai wuni yana buɗe kwalba yana rufewa. Ƙaramin ɗaki ba ya ɗaukar aiki huɗu a baje, amma yana ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu takarda, wadda ita ce dukiyar. A ƙarni na 19, mai kyanta daga Italiya take fitowa, ta sauka Tarabulus, raƙuma su ratso Sahara da ita har Kano. In ka ɗaga ta a rana sai ka ga hoton jinjirin wata guda uku a jikinta. Abin da ya sha irin wannan tafiya ba a yasar da shi a ƙasa, balle kuma ga alfarmar abin da aka rubuta a kai. Ga gara, ga ɓera, ga laimar damina, ga ƙurar hunturu. Shi ya sa farar takarda take cikin adaka, adakar kuma a kan duwatsu ko bulo, an ɗan janye ta daga bango. Alkukin da magina suka bari don fitila, yanzu da fitilar ta koma ta caji, ya zama ma'ajiyar ƙaro da reza da ɗaurin gamba.

Shafukan da aka gama fa? Alƙur'anin hannu ba a ɗinke shi, warƙa-warƙa yake, kuma a al'ada ba lambar shafi. Abin da ke riƙe da jerin shi ne kalma ɗaya: a ƙasan warƙa, malam yakan rubuta kalmar da za ta buɗe warƙa ta gaba. Ko iska ta shigo ta watsa su, mahaddaci zai tsince su ya mayar da kowacce bayan 'yar'uwarta. Masu ɗanyar tawada ana baje su a kan faifai ko tabarma mai tsabta, a danne gefe da ɗan dutse. Busassu su shiga tsakanin tadarishi, a naɗe da igiyar fata, a zura cikin gafaka, a rataye a ƙusa sama da kan kowa. Rubutun hannu irin na marigayi Sharu Bala Gabari na Kano, rubutun da aka ɗauki hotonsa aka buga har ya cika shagunan littattafai na Kasuwar Kurmi, warƙa-warƙa haka ya faro.

(Kiran sallar la'asar daga nesa)

To, haske ya fara juyawa daga bakin ƙofa. Malam ya goge bakin alƙalami da tsumma, ya toshe kurtu da ɗan ƙullin auduga don kada ƙuda ya faɗa, ya ɗiga wa jar tawada ruwa kaɗan saboda iskar hunturu na daskarar da ita kafin safiya. Ya naɗe buzu ya jingine. Wani almajiri ya leƙo, yana tambaya ko a shigo da babur.

"Shigo da shi, amma bi ta hagu."