Na'urar Neman Zinariya: Wacce Ta Fi Jin Ƙasa?

A 1980, a Kingower da ke jihar Victoria ta Ostareliya, na'urar gano ƙarfe ce ta kai Kevin Hillier ga curin zinariya mai kilo 27. Har gobe dajin can bai rabu da masu yawo da irin wannan na'ura mai faifai a bakin sanda ba.

Na'urorin galibi iri biyu ne. Masu tsarin VLF, irin Gold Monster 1000 ta kamfanin Minelab, ba nauyi, kuɗinsu da sauƙi, suna jin ƙwayar zinariya ƙanƙanuwa da ke sama-sama. Jar ƙasa mai ƙarfe ce ke rikita su: su yi ta kuka a banza, mutum ya sha haƙa, ya tarar da dutse.

Masu aika bugun lantarki, kamar GPX 5000, suna ratsa irin wannan ƙasa su jiyo babban curi a can ƙasa. Sai dai ga tsada, ga nauyin batir, kuma tsatsar ƙusa ma sai sun yi mata ihu.

Wannan nau'in ne ya yi tashe a wurin mahaƙan Sudan, har jabunsa suka cika kasuwa, kafin zinariyar Djado ta ɓulla a arewacin Nijar a 2014.